Daga Faifai Zuwa Intanet: Tarihin Kayan Zane na Kwamfuta

Zane a kwamfuta ya girmi intanet, ya kuma girmi kwamfutar da ake ajiyewa a kan tebur. A shekarar 1963 wani ɗalibi mai suna Ivan Sutherland ya miƙa wa jami'ar MIT da ke Amurka kundin digirinsa na uku a kan wata manhaja da ya raɗa wa suna Sketchpad. A kan TX-2 take aiki, wata kwamfuta da ta cika ɗaki guda a cibiyar bincike ta Lincoln. Mai zane yakan riƙe wani alƙalami mai gane haske ya ɗora bakinsa a fuskar allo, ya danna maɓalli da ɗaya hannun, sai layi ya biyo alƙalamin. In layin ya karkace, yana iya umartar na'urar ta miƙar da shi. In ya zana ƙusa guda ya kwafe ta wuri ashirin, da ya gyara ta asalin sai duka ashirin ɗin su gyaru. Waɗannan dabaru biyu suna nan a cikin kusan kowace manhajar zane har yau, kuma saboda aikinsa a wannan fanni, wanda ya faro da Sketchpad, aka ba Sutherland lambar yabo ta Turing a 1988.

Sai dai a wancan zamani mai zane ba shi da kayan aikinsa. Na'urar ta hukuma ce, ana ba mutum sa'o'i ƙididdigaggu ya zauna a gabanta, lokacinsa na cika ya tashi. Haka abin ya kasance kusan shekara ashirin. A 1973 Richard Shoup ya haɗa SuperPaint a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Kalifoniya, wadda ke zane da launi, amma ba ta shiga kasuwa ba. A 1981 kamfanin Quantel na Ingila ya fitar da Paintbox, ita kuwa tsadarta ta sa gidajen talabijin da manyan kamfanonin talla kaɗai ke iya sayenta.

Shekarun 1980 ne suka sauke kayan zane daga hannun hukumomi zuwa teburin mutum ɗaya. A ƙarshen 1982 kamfanin Autodesk ya nuna AutoCAD, wadda ta ba injiniya da mai zanen gini damar yin aikinsu a ƙaramar kwamfuta. A Janairun 1984 Apple ya fito da Macintosh tare da MacPaint da Bill Atkinson ya rubuta. Fari da baƙi kawai take iyawa, amma a cikinta jama'a da yawa suka fara ganin fensir da buroshi da gwangwanin fenti an jera su a gefen allo ana ɗauka da linzamin kwamfuta. Shekara guda bayan haka Windows ta farko ta zo da Paint, aka kuma samu PageMaker ta kamfanin Aldus da injin buga takarda na LaserWriter, har ya zama mutum ɗaya a ɗaki ɗaya yana iya tsara shafin jarida ya fitar da shi tsaf. Adobe ya kawo Illustrator a 1987. CorelDRAW ta fito daga birnin Ottawa na Kanada a 1989. A Fabrairun 1990 kuma aka fara sayar da Photoshop, wadda Thomas Knoll ya faro yana ɗalibi a jami'ar Michigan, ɗan'uwansa John da ke aiki a kamfanin haɗa dabarun fim na Industrial Light & Magic ya ƙarfafa masa gwiwa. Kuɗinta a lokacin dala 895 ne.

Tun a nan zanen kwamfuta ya rabu gida biyu, kuma wanda bai gane wannan rabuwa ba zai sha wahalar gane sauran labarin. Gida na farko shi ne zanen ɗigo, irin na Paint da Photoshop, inda hoto tarin ƙananan ɗigogi ne kowane da launinsa. In aka ja shi ya yi girma fiye da kima sai ya dushe, gefunansa su yi kaca-kaca. Gida na biyu zanen lissafi ne, irin na Illustrator da CorelDRAW, inda na'ura ba ta ajiye ɗigo sai umarni: layi ya tashi daga nan, ya lanƙwasa haka, ya tsaya can. Lissafin lanƙwasar yana ɗauke da sunan Pierre Bézier, injiniyan kamfanin motoci na Renault a Faransa, wanda ya yi amfani da shi wajen tsara jikin mota a shekarun 1960. Shi ya sa tambarin da aka zana da lissafi zai fito garau a katin gayyata, ya kuma fito garau a allon tallan da ya kai faɗin bango.

Yadda ake mallakar manhaja a wannan zamani ya yi kama da sayen keken ɗinki. Mutum ya biya sau ɗaya, a ba shi kwali da faya-fayai da littafin bayani mai kauri da lambar sirri. Ya ɗora ta a na'urarsa, shi ke nan. A takarda izinin amfani ya saya, ba manhajar kanta ba, amma a aikace babu mai zuwa ya ƙwace. In kamfanin ya fitar da sabuwa, ganin damarsa ne ya saya ko ya ci gaba da tsohuwar har kwamfutar ta mutu. Manhajar tana cin ƙarfin na'urar gaba ɗaya, tana jin nauyin hannun mai zane a kan allon alƙalami irin na kamfanin Wacom na Japan, tana ɗaukar hoto mai nauyi ba ta jiran kowa. Zanen da aka gama yana cikin cikin kwamfutar mai shi, ba wanda ya gani sai wanda ya nuna wa.

Wahalarta ma ba ƙarama ba ce. Farashin ya fi ƙarfin talaka a ko'ina, balle a ƙasashen da dala ke da tsada, saboda haka kwafin da ba a biya ba ya cika kasuwannin duniya, tare da ƙwayoyin cutar kwamfuta da ake cusawa a cikinsa. Manhajar na buƙatar na'ura mai ƙarfi, kuma kowace sabuwar fitowa ta fi ta baya ci. In kwamfuta ta lalace ko aka sace ta, aikin shekaru ya tafi, sai ga wanda ya yi aiki da gida biyu maganin gobara ya ajiye kwafi a wani wurin. Aikin haɗin gwiwa kuwa ya zama jigila: a kwafa a faifai, a kai, a gyara, a dawo da shi, har a rasa gane wane ne na ƙarshe. Wani lokaci fayil ɗin da aka yi da sabuwar fitowa ya ƙi buɗewa a tsohuwa. Maganin tsadar ya fara fitowa daga masu rubuta manhaja kyauta su bar kowa ya ga cikinta: Spencer Kimball da Peter Mattis, ɗalibai a Berkeley, sun faro GIMP a 1995, Inkscape ta biyo a 2003, Krita kuma ta zama abin dogaron masu zanen hannu da yawa.

A Nijeriya wannan zamani ya bar tabo mai zurfi, domin CorelDRAW ce ta zauna daram a shagunan ɗab'i, daga Legas har Kano da Kaduna. Da ita ake tsara kalanda da fastar 'yan siyasa da katin ɗaurin aure da bangon littafi. Mai shago ya san ta kamar yunwar cikinsa, da ita ya koya a wurin maigidansa, da ita yake koyar da yaransa. Kwamfutarsa ba ta buƙatar ta taɓa ganin intanet. In akwai wuta ko janareta, aiki na tafiya.

Yunƙurin farko na yin zane a cikin burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, ya zo ne a ƙarshen shekarun 1990. A Japan aka samu shafukan da ake kira oekaki, inda ƙaramar manhajar Java ke buɗe wa mutum ɗan fili ya zana abinsa ya liƙa nan take wasu su gani. Kayan aikin kaɗan ne, filin ƙarami, amma matasa da dama a can suka koyi zane. Bayan haka sai zamanin Flash, wata ƙarin manhaja da ake maƙala wa burauza. A kanta aka gina Picnik a Amurka da Pixlr da Ola Sevandersson ya ƙirƙira a Suwidin a 2008. Ga wanda ke son ya yanke gefen hoto ko ya ƙara masa haske ko rubutu, waɗannan sun wadatar, ba kuɗi, ba ɗora komai.

Su ne kuma suka fara nuna raunin tsarin. Google ya sayi Picnik a 2010, ya rufe ta a 2012, masu amfani da ita suka wayi gari babu shagon da suka saba shiga. Wanda ke da tsohon faifan Photoshop a aljihun tebur ba ya fuskantar irin wannan. Ita kanta Flash ɗin ƙasa ta zame mata: a Afrilun 2010 Steve Jobs ya fitar da budaɗɗiyar wasiƙa yana bayyana dalilin hana ta shiga iPhone da iPad, kuma a ranar 31 ga Disambar 2020 Adobe, mai ita, ya daina kula da ita gaba ɗaya. Duk manhajar zanen da aka gina a kanta, ko dai a sake rubuta ta daga tushe, kamar yadda aka yi wa Pixlr, ko ta bi ta kabari.

Abin da ya ceci zane a intanet shi ne burauza da kanta ta koyi zane. Apple ya shigar da wani fili na zane a cikin Safari a 2004, sauran suka ɗauka, ya zama ƙa'ida ta kowa. A 2011 aka fitar da WebGL, wadda ta ba shafin intanet damar amfani da sashen kwamfutar da ke sarrafa hoto. A 2017 manyan burauzoji suka karɓi WebAssembly, wadda ta sa manhaja mai nauyi ke gudu a cikin shafi da saurin da ya kusa na wadda aka ɗora. Kamfanoni biyu ne suka fi cin moriyar wannan, kuma kowanne da irin mutanen da ya nufa.

Canva ta nufi wanda bai iya zane ba. Melanie Perkins tana ɗaliba a birnin Perth na Ostareliya tana koya wa 'yan'uwanta ɗalibai manhajojin tsara shafi, ta ga yadda suke shafe makonni kafin su gane inda maɓallai suke. A 2007 ita da Cliff Obrecht suka kafa Fusion Books don makarantu su riƙa tsara littafin tunawa na ƙarshen shekara a intanet, daga nan tunanin ya faɗaɗa, Cameron Adams ya shigo, aka buɗe Canva a 2013. Mai shiga ba ya tarar da farin shafi yana kallonsa. Yana tarar da dubban zanuka da aka riga aka tsara, nasa kawai ya sauya suna da hoto da launi. Figma kuwa ƙwararru ta nufa. Dylan Field da Evan Wallace sun kafa ta a 2012, suka shafe shekara huɗu suna gini kafin su buɗe wa kowa a Satumbar 2016. Abin da ta zo da shi shi ne mutum biyar ko goma su shiga zane ɗaya a lokaci ɗaya, kowa na ganin alamar hannun ɗan'uwansa tana motsi da sunansa a jiki. Jigilar fayil ta ƙare, tambayar wane ne na ƙarshe ta ƙare, domin zanen ɗaya ne tal, kuma duk wanda aka tura wa adireshinsa ya gan shi yadda yake a wannan daƙiƙa.

Wannan ci gaba ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. Yarinyar da ke sayar da turaren wuta ta WhatsApp tana tsara tallarta a waya cikin minti goma, abin da a da sai ta je shago ta biya ta jira. Ɗalibin da kwamfutarsa tsohuwa ce yana aiki da kayan da ma'aikacin babban kamfani ke aiki da su. Wanda aka sace wa na'ura ya ari wata ya shiga da sunansa ya tarar da aikinsa inda ya bar shi. Ana iya yi wa tsarin zanen da aka riga aka shirya ƙorafin cewa ya sa tallace-tallace sun zama kamar 'ya'yan gida ɗaya, kuma akwai gaskiya a ciki, amma mafi yawan masu amfani da shi da ma ba za su taɓa ɗaukar mai zane haya ba.

Farashin wannan ci gaba shi ne mabuɗin ya koma hannun wani. Manhajar da ke intanet tana zaune a kwamfutocin kamfani, zanen ma galibi a can yake kwana, kuma tsakanin mai zane da aikinsa akwai hanya mai tsawo da ba shi ke iko da ita ba. A ranar 14 ga Maris 2024 wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka samu matsala, sadarwa ta tsaya ko ta yi rarrafe a Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da maƙwabtansu. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro, aka kuma yi haka a sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. A irin waɗannan ranaku mai CorelDRAW a tsohuwar kwamfuta yana aiki, wanda zanensa ke can nesa yana zaune. Ko a ranar lafiya, hoto mai nauyi yana shan data, wadda ake saye da kuɗi. Akwai kuma batun sirri: a Mayun 2019 masu kutse sun kwashi bayanan asusu kimanin miliyan 139 daga Canva. Biyan kuɗin wata ma ya taɓa zama aiki, domin a 2022 bankunan Nijeriya da yawa sun rage abin da katin naira zai iya saya a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya suka dakatar da shi gaba ɗaya, sai a 2025 aka fara dawo da shi.

Ga mai rubuta Hausa akwai wata matsala ta daban, ta haruffa masu ƙugiya. Tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ da ƴ lambobinsu tun da daɗewa, amma ba kowane salon rubutu aka zana masa su ba. Mai tsara kati zai zaɓi salo mai kyau, ya rubuta ɗaurin aure, sai ya ga ɗ ɗin ta fito da wata siffa dabam da sauran haruffan, ko ɗan akwati ya tsaya a gurbinta. Da yawa sukan haƙura su cire ƙugiyar, sai ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Wanda manhajarsa ke kan kwamfutarsa yana iya ɗora duk salon da ya ga dama, har da irin su Charis da Andika na ƙungiyar SIL, ko Alkalami da ta zana bisa rubutun ajamin Kano. A intanet kuwa galibi mutum yana zaɓa ne daga abin da kamfani ya jera, kuma a Canva shigar da salon kai yana cikin abubuwan da ake biya.

A teburin mai ɗab'i ne tsarin biyu ke haɗuwa kullum. Mai biki ya zo da katin da ya tsara a waya, kore shar mai ɗaukar ido, ya tura wa mai shago. Mai shago ya buɗe, abu na farko da yake dubawa shi ne girman hoton, domin abin da ya yi kyau a tafin hannu yana iya dushewa a takarda, musamman in WhatsApp ta matse shi a hanya. Na biyu launi: allo yana haɗa launinsa da hasken ja da kore da shuɗi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, kuma akwai koren da haske ke iya yi wanda tawada ba za ta taɓa kaiwa ba. Na uku gefe, ko an bar rarar da wuƙa za ta ci in an zo yanka. Sau da yawa ƙarshenta mai shago ya sake tsara katin daga farko a tasa manhajar, ya mayar da rubutun ya zama zane don kada ya sauya a wata na'urar, sannan ya kai a fitar da faranti.

Zai zama kuskure a ɗauka cewa duk abin da aka ɗora a kwamfuta mallakar mai shi ne. A Mayun 2013 Adobe ya sanar da cewa ya daina sayar da sababbin manhajojinsa sayen dindindin. CS6 ta 2012 ce ta ƙarshe, daga nan sai haya, kimanin dala 50 a wata a lokacin ga mai son duka. Photoshop tana nan a cikin kwamfutar mutum, amma lokaci zuwa lokaci sai ta leƙa intanet ta tabbatar an biya. Wanda ya daina biya, fayilolinsa na nan, ƙofar gyara su ce ta rufe. A Oktoban 2019 kamfanin ya sanar da masu amfani da shi a Benezuwela cewa zai rufe asusunsu saboda takunkumin gwamnatin Amurka, bai janye ba sai da ya samu izini na musamman. A ƙarshen 2022 kuma, bayan sauyin yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin launuka na Pantone, wasu masu zane suka buɗe tsofaffin ayyukansu suka tarar launukan sun koma baƙi, sai an biya wani kuɗin wata na dabam. Kayan aro ba ya rufe katara, ko da kuwa a ɗakin mutum yake rataye.

A ɗaya gefen, akwai manhajar intanet da ba ta riƙe wa kowa komai. Photopea, wadda Ivan Kutskir ya faro shi kaɗai a Jamhuriyar Cek a 2013, a burauza take buɗewa, amma duk aikin a cikin na'urar mai zane ake yin sa, hoton ba ya fita ko'ina, tana kuma buɗe fayilolin Photoshop. Da talla take ciyar da kanta. Procreate kuwa, wadda wani ƙaramin kamfani a tsibirin Tasmaniya ya fitar wa iPad a 2011, ta tsaya a kan tsohon tsari na biya sau ɗaya. Saboda haka tambayoyin da ke raba waɗannan kayan aiki sun zama uku: a ina ake lissafin zanen, a ina fayil ɗin ke kwana, kuma wa ke da ikon hana mutum shiga. Amsar ta ukun ce ta fi shafar mai sana'a, kuma abin da ke rage mata kaifi shi ne fitar da aiki a sifar da kowace manhaja ke karantawa, kamar PDF da PNG da SVG, a ajiye shi a wurin da hannu ke kaiwa.

Manyan kamfanonin da kansu sun shiga gonar juna. A Satumbar 2022 Adobe ya amince zai sayi Figma a kan kimanin dala biliyan 20, amma hukumomin kula da gasar kasuwanci na Birtaniya da Tarayyar Turai suka nuna rashin amincewa, aka fasa a Disambar 2023, Adobe ya biya Figma dala biliyan 1 kuɗin warware ciniki. Kafin nan, a Satumbar 2023, ya buɗe Photoshop ta cikin burauza ga masu biyan haya. Canva kuma ta bi hanyar a juye: a Maris 2024 ta sayi Affinity, manhajojin kamfanin Serif na Ingila waɗanda ƙwararru da yawa suka koma wa don gudun kuɗin wata. A ƙarshen Oktoban 2025 ta haɗe su wuri guda ta sake su kyauta, ana sauke manhajar a ɗora a kwamfuta kamar da, sai dai kafin a fara aiki da ita dole mutum ya buɗe asusu a Canva ya shiga da sunansa.